Daga Dareta Zuwa Layin 'Yan Koli: Tarihin Bin Sawun Dalma a Jinin Ɗan Adam

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, mutane suka ga agwaginsu na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda ya ɗauki abin da zafi, tunda annobar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a karkara. Ba a jima ba abin ya koma kan yara. Yaro zai tashi da amai da ciwon ciki, jikinsa ya saki, daga nan sai jijjiga da suma, kwana biyu ko uku a kai shi makwanci. Wasu suka ce zazzaɓi ne ya hau kai, wasu suka ce sanƙarau ne tunda lokacin zafi ne, wasu kuwa suka ce iska. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka shiga yankin sa ido kan sanƙarau suka tarar da labarin mace-macen a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Suka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, suka ba da na ƙwayoyin cuta, yara suka ci gaba da mutuwa. Sai da aka ɗebi jinin yara 8 aka aika wani ɗakin gwaji a Turai sannan aka san abin da ake ciki. Gubar dalma ce.

Ana auna dalmar jini da maikirogiram a kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Yaron da ya kai 45 likita zai fara ba shi maganin fitar da ita, wanda ya haura 70 kuwa ransa ake ƙoƙarin cetowa. Na yaran nan 8 ya kama daga 168 zuwa 370.

Zinariya ce ta jawo. Tun bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashinta ke hawa, har oza ɗaya ta wuce dala 1,200 a 2010, manoma suka ajiye fartanya suka shiga rami. Dutsen da suke fasowa zinariyarsa kaɗan ce, dalmarsa ce mai yawa. A kawo shi gida a buhu, a farfasa da guduma, mata su daka a turmi ko a zuba a injin niƙa irin na hatsi, a wanke garin, a shanya a tsakar gida, a haɗa da zaiba don ta kama zinariyar. Ƙurar kuwa ta sauka a tabarma da kwano da dawar da aka shanya, ta sauka a ƙasar da yaro ke rarrafe a kai yana kai hannu baki. Masana duwatsu na gwamnatin Amurka ƙarƙashin Geoffrey Plumlee sun bayyana a 2013 cewa ruwa da iska sun daɗe da sauya dalmar wannan dutse zuwa wani nau'i da ke narkewa nan da nan a cikin tsamin ciki, shi ya sa ta yi wa yara kamun kazar kuku.

Tawagar hukumar CDC ta Amurka da jami'an lafiya na Najeriya sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu a watan Mayu da Yuni, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, 118 sun rasu a cikin wata 12. Kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun kai 45 ko fiye. 'Yar na'urar gwajin da ake ɗauka a jaka iyakarta 65, yawancin jinin da aka sa mata sai dai ta nuna alamar cewa abin ya fi ƙarfinta. A wasu gidaje dalmar ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin 400 ce iyakar da Amurka ta yarda yaro ya yi wasa a kai. An ƙiyasta yaran da suka mutu sun kai 400 ko fiye.

Magani bai da amfani idan yaro zai koma gidan da ya ɗebo cutar, don haka sai da aka kankare ƙasa. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka horar da mutanen gari, aka riƙa karce saman ƙasa da fartanya da shebur, a ɗura a buhu a binne a rami, a zubo sabuwa. An gama ƙauyuka bakwai zuwa 2011: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya har sai da Human Rights Watch da matasan Follow The Money irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura, gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga gwamnatin jiha a 2022, bayan ta gwada yara fiye da 8,000.

Duk munin abin, akwai tambaya ɗaya da ba ta ba da wuya a Zamfara ba, wato daga ina dalmar ta fito. Injin niƙan yana nan a bayan ɗaki, buhun dutsen yana jingine a zaure. A birni irin Katsina, wadda jiharta ke maƙwabtaka da Zamfara, lamarin daban ne. Nan dalma ba ta cika kashewa a kwana uku ba. Takan shigo kaɗan-kaɗan ta ƙofofi da yawa, yaro yana da 8 ko 12 ko 20 a jininsa, ba ya jijjiga, ba ya suma, sai dai jini ya yi masa ƙaranci, hadda ta yi masa nauyi, malami ya ce ba ya mai da hankali. Gwajin jini na yau da kullum zai faɗa maka yawanta ne kawai. Sanin asalinta wani ilimi ne mai zaman kansa, kuma waɗanda suka share masa hanya ba likitoci ba ne ma. Shekarun duniya suke nema.

Dalma a ido duk ɗaya ce, amma ƙwayoyin zarrarta jinsi huɗu ne masu bambancin nauyi, waɗanda masana ke kira aisotof, ana kuma ambatonsu da lambar nauyinsu: 204, 206, 207 da 208. Jinsin 204 yana nan tun da aka halicci ƙasa, ba ya ƙaruwa. Sauran ukun haifarsu ake yi a hankali. Yuraniyom mai nauyin 238 yana rikiɗewa ya zama dalma 206, rabinsa kan ƙare a shekara biliyan 4.5. Mai nauyin 235 ya zama 207, rabinsa a shekara miliyan 704. Toriyom kuma ya zama 208. Ranar da jijiyar dalma ta daskare a cikin dutse ta rabu da yuraniyom, rabon jinsunan nan ya tsaya cik a yadda yake. Tsohuwar jijiya irin ta Broken Hill a Ostireliya, mai shekara kusan biliyan 1.7, tana da ƙarancin 206, idan aka raba shi da 207 ana samun 1.04. Ta jihar Misuri a Amurka ta haura 1.3. Narkawa a wuta ba ta sauya wannan rabo, ƙonewa a injin mota ba ta sauya shi, shiga hanji da jini ma haka. Kamar tsagar gado ce a fuska, duk inda mutum ya yi ƙaura ana ganinta a san gidansu. Alfred Nier ne ya nuna a 1938 cewa dalmar ma'adinai daban-daban ta sha bamban ta wannan fuska, da na'urar da ke tankaɗe ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu.

Shekara goma bayan haka, a Jami'ar Shikago, Harrison Brown ya ba ɗalibinsa Clair Patterson aikin auna 'yar dalmar da ke cikin duwatsu, da niyyar a kai ga lissafin shekarun duniya. Brown ya ɗauka aikin ba zai ja lokaci ba. Sai Patterson ya ga duk abin da ya auna dalmarsa ta fi yadda lissafi ya nuna nesa ba kusa ba. Ya binciki kwalabensa, akwai dalma. Ruwan famfo, fentin bango, ƙurar iska, tufafinsa, gashin kansa, ko'ina akwai. Ya koma wanke ɗakin gwaji da asid, yana tace iskar da ke shigowa, yana hana kowa shiga da kayan waje, har abokan aiki suka fara yi masa kallon mai taɓin hankali. Da wannan tsantseni ya auna dalmar wani dutse da ya faɗo daga sama a Arizona, ya fitar da amsar da ya buga a 1956: shekara biliyan 4.55. Har yau lissafin bai gusa sosai ba.

Wani zai karɓi yabo ya zauna. Shi kuwa abin da ya tsaya masa a rai shi ne dattin da ya yi ta fama da shi. Daga jami'ar Caltech inda ya koma, ya auna ruwan teku ya ga na sama ya fi na ƙasa dalma ninki-ninki. Ya tafi Girinlan a 1964, da Antatika bayan haka, ya sa aka yanko ƙanƙarar da ta taru shekara bisa shekara. Sakamakon da ya buga da abokan aikinsa a 1969 ya nuna dalmar ƙanƙarar Girinlan ta ninka fiye da sau 200 in aka kwatanta da ta shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma hawan ya fi tsanani bayan motoci sun yawaita.

Asalin wannan kuwa tun watan Disamba na 1921 ne, lokacin da Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗigon wani sinadarin dalma a fetur yana hana inji ƙwanƙwasa. Aka fara sayarwa a 1923 da sunan Ethyl, aka kauce wa ambaton dalma a sunan. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata 5 suka mutu cikin hauka a matatar Bayway ta Standard Oil a Niyu Jasi, aka ɗan dakata, aka ci gaba. Kusan shekara 40 muryar da ake saurare a kan lamarin ita ce ta likita Robert Kehoe na Sinsinati, wanda kamfanonin ke ɗaukar nauyin bincikensa, kuma matsayinsa shi ne dalmar da ake gani a jinin kowa halitta ce, jiki yana fitar da abin da ya shigo. Patterson ya amsa masa a 1965 cewa abin da ya zama ruwan dare bai zama halitta ba, kuma Ba'amurken zamaninsa yana ɗauke da dalma kusan ninki 100 na abin da aka halicci mutum da shi. Kamfanonin mai suka janye masa tallafi, a 1971 aka kafa kwamitin ƙasa kan dalmar iska aka bar shi a waje. Daga baya ƙasusuwan mutanen da na ƙasar Peru suka nuna ninkin ma ya wuce abin da ya faɗa.

Sai dai masu fetur suna da mafaka. Sun ce to, akwai dalma a jini, amma wa ya ce tasu ce? Akwai ta fenti, akwai ta bututun ruwa, akwai ta likin gwangwanin abinci. Wannan gardama ce ta haifi ɗaya daga cikin gwaje-gwaje mafi girma da aka taɓa yi a kan jama'a. Daga 1975 zuwa 1979, a birnin Turin da yankin Piyedimon na arewacin Italiya, an sauya dalmar da ake zubawa a fetur da ta Broken Hill, a wani aiki da cibiyar bincike ta Tarayyar Turai da ke Ispra ta jagoranta. Rabon 206 da 207 a fetur ya sauko daga wajen 1.18 zuwa 1.04. Ba a jima ba iskar birnin ta bi sahu. Jinin mutane ma ya karkata, a hankali, kuma daga gwargwadon karkatar aka lissafa cewa aƙalla kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dalmar jinin mazauna Turin daga fetur take. A Amurka kuma binciken lafiya na ƙasa ya nuna tsakanin 1976 da 1980 dalmar jinin jama'a ta ragu da kashi 37 cikin ɗari, kafaɗa da kafaɗa da raguwar dalmar fetur. Amurka ta haramta fetur mai dalma ga motoci a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka yi alkawarin daina shi a Dakar a 2001, suka cika a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Fetur ɗin Najeriya na shekarun 1990 yana ɗauke da fiye da rabin giram na dalma a kowace lita, kuma wadda ta fita ta salansa a wancan zamani ba ta ruɓewa, tana nan a ƙurar tsofaffin tashoshin mota da gefen manyan tituna.

Akwai wani reshe na wannan tarihi da ya fi shafarmu. A farkon shekarun 1970 a Los Anjeles, Michael Rabinowitz da abokan aikinsa suka riƙa ba wasu mutane da suka amince 'yar dalma mai yawan jinsin 204 a abinci, suna bin sawunta a jini da fitsari da gashi. Daga nan aka san cewa dalma kan yi kamar wata guda a jini rabinta ya bar shi, amma ba duka ke fita daga jiki ba. Tana shiga ƙashi ta zauna a gurbin sinadarin kalsiyam shekaru aru-aru, har ya zama fiye da kashi 90 cikin ɗari na dalmar jikin baligi a ƙashi da haƙori take.

Brian Gulson na Sidni ya ga dama a nan. Dalmar Ostireliya tsohuwa ce mai rabo na daban, matan da suka yi ƙaura zuwa can daga gabashin Turai kuwa sun zo da dalmar ƙasashensu a ƙashi. A shekarun 1990 ya riƙa auna jininsu wata bayan wata. Da suka zauna, jinin ya fara karkata zuwa rabon Ostireliya. Da suka yi ciki sai ya juya, rabon Turai ya sake hawa, bayan haihuwa lokacin shayarwa ya ƙara hawa. Ma'ana, yayin da jikin uwa ke ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina ƙashin ɗan tayi, tsohuwar dalmar yarintarta na fitowa tare da shi, ta ratsa mabiyiya ta shiga jinin jariri. Ba wani gwaji da zai iya nuna wannan in ba na jinsunan dalma ba. Yarinyar da ke rarrafe a Dareta tana da shekara 3 a 2010 ta cika 18 a 2025, kuma kowa ya san shekarun da ake aurar da 'ya mace a ƙauyukanmu. An kankare ƙasar gidansu, an ba ta magani, amma maganin jini yake tacewa, ba ya kaiwa ga abin da ya riga ya kwanta a ƙashi. A ganina duk asibitin da ke awon ciki a Anka da Bukkuyum da Rafi ya kamata gwajin dalma ya zama cikin abin da yake yi wa kowace mace.

Ko a nan gida an taɓa amfani da wannan awo, amma a kan kayan tarihi. Tagullar Igbo-Ukwu da Thurstan Shaw ya tono a 1959 da 1960, an daɗe ana cewa ƙarfenta daga ƙetaren Sahara aka kawo, har jinsunan dalmar cikinta suka nuna yawancinta ta yi daidai da ma'adinan yankin Abakaliki. A 2023 irin wannan awo ya danganta farin ƙarfen da aka ƙera da yawa daga kayan fadar Binin da yankin Rain na Jamus. Mun san asalin dalmar gumaka ke nan, saura ta 'ya'yanmu.

Wanda ya shiga Babbar Kasuwar Katsina ya nufi wajen 'yan koli zai ga abin da nake nufi kusa da kusa. Tsakanin allura da madubi da tsakiya da turare, akwai kwalli. Wani an riga an niƙa shi an ɗura a 'yan kwalabe, wani kuwa ɗanyen dutse ne, launin toka mai ƙyalli, in ka ɗauka sai ka ji ya fi girmansa nauyi, in ya fashe kuma sai ya ɓare da kusurwoyi a miƙe da fuskoki sumul. Waɗannan su ne alamomin dutsen da masana ke kira galina, wanda tsantsarsa kashi 86 cikin ɗari dalma ce. Mace ta tsaya ta ce, "Malam, na gida ne ko na Makka?" Ya ce, "Duk akwai, Hajiya." A kai gida a niƙa shi lukwi, a zuba a tandu, a zizara wa amarya, a zizara wa jaririn da ko suna ba a yi ba, don ido ya wanku ya yi kyau. Sana'a ce tsohuwa a garin da Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya rubuta cewa shi ne cibiyar fataucin ƙasar Hausa kafin jihadi ya mai da kasuwa Kano. Jijiyoyin galina na Najeriya suna kwarin Binuwai, daga Abakaliki zuwa Arufu zuwa Zurak ta ƙasar Wase, kuma tun kafin zuwan Turawa ana haƙarsu don kwalli.

Da an taɓo maganar nan sai gardama ta kaure. Wannan ya ce kakanninmu sun sa ba su mutu ba, wancan ya ce sunna ce. Ismidin da littattafan fiƙihu ke ambata, yawancin masu sharhi sun ɗauke shi a matsayin dutsen antimoni, wanda ya yi kama da galina a ido amma ba dalma ba ne. Mai saye ba shi da hanyar rarrabewa, sau da yawa mai sayarwa ma haka. Hanyar shigarsa jiki kuma ba ta fatar ido ba ce sosai. Yaro ya murza ido ya tsotsi yatsa, ko hawaye ya kwashe garin ya bi 'yar kafar da ta haɗa ido da hanci ya gangara maƙogwaro. Cikin ƙaramin yaro yana iya tsotse kusan rabin dalmar da ta shiga, na babba kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma.

A 2011 likitoci a Boston suka gwada wani jariri ɗan wata 6, ɗan iyaye 'yan Najeriya, suka sami 13. Gidansu ba shi da tsohon fenti. Sai bincike ya kai ga kwallin da ake sa masa sau uku ko huɗu a mako tun yana ɗan sati biyu, wanda aka sayo a Ilori. Da aka auna shi, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Aka daina, jinin ya sauka. Rahoton CDC na 2012 ya ambaci abin da sunansa na Yarbanci, da kuma sunayensa na Hausa, tozali da kwalli. Kusa da mu kuma, Jerome Nriagu, ɗan Najeriya da ke Jami'ar Mishigan a lokacin, ya buga a 1997 cewa matsakaicin dalmar jinin yaran da ya gwada a Kaduna 10.6 ne. A Jos, binciken da aka buga a 2000 ya sami kashi 70 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada sun haura 10, wani da ya biyo baya a 2005 ya danganta hawan da sa kwalli, da fentin da ke ɓarewa, da zama kusa da masu sayar da fetur. Hukumar Lafiya ta Duniya a yau tana cewa daga 5 a fara neman tushen, kuma babu wani adadi da aka tabbatar ba ya cutarwa.

Amma binciken Jos da tambayoyi aka yi shi, an ga masu sa kwalli sun fi dalma, ba a nuna dalmar kwallin ce a jinin ba. Gidan da ake sa kwalli yana iya zama gidan da ke lungun masu batir. Inda aka yi ƙoƙarin raba gardamar shi ne Arar, a arewacin Saudiyya, inda Iman Al-Saleh da abokan aikinta na Ingila suka kwatanta rabon jinsunan dalma a jinin yara da na fetur da na kwalli da magungunan gargajiya. Abin da suka buga a 1993 ya nuna jinin ya fi dacewa da kwalli da magungunan, ya kuma kauce wa fetur, a lokacin da kowa zai fara zargin fetur ɗin.

Kwalli kuwa ɗaya ne kawai cikin waɗanda ake tuhuma a kasuwa irin tamu. Ga tukwanen alminiyum da ake zubawa daga tarkacen inji da na lagireto, waɗanda gwajin da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna suna sakin dalma a miya mai tsami. Ga mai gyaran rediyo da waya yana liki da dalma, hayaƙin na tashi a fuskarsa da ta yaron shagonsa. Ga tsofaffin batiran mota da na sola da ake fasawa a zubar da ruwan a kwashi farantan ciki. Ga fentin mai, musamman ja da rawaya. Uba ya dawo gida da ƙurar a rigarsa, ɗansa ya rugo ya rungume shi.

A nan ne kuma awon jinsunan dalma yake gamuwa da iyakarsa, kada a ɗauka duba ne. Dalmar batir an narka ta an sake narkawa, ta Ostireliya ta gauraya da ta Sin da ta Peru, rabonta ya zama tsaka-tsaki. Tushe biyu daban suna iya yin rabo iri ɗaya. Jini kansa haɗi ne na abin da aka ci jiya da abin da ƙashi ya saki daga shekarun baya. Shi ya sa masu aikin ke cewa awon ya fi ƙarfi wajen wanke wanda ake zargi fiye da kama mai laifi. Ga tsada: na'urar tana son wuta marar yankewa, da iskar agon, da ɗaki mai tsabtar da Patterson ya koya wa duniya, jinin kuma na jijiya ake so a kwalbar da aka tabbatar ba dalma a jikinta, ba ɗigon yatsa ba. Don haka mai hankali zai fara da mai arha, wato gwajin jini na yau da kullum da na'urar hannu irin wadda aka haska ƙasar Bagega da ita, wadda cikin daƙiƙoƙi za ta faɗi ko dutsen kwalli galina ne ko antimoni. Awon jinsuna a ajiye shi don gidan da aka sami tushe uku ko huɗu aka rasa wanda za a fara cirewa.

Duk da haka kwalli yana cikin abubuwan da awon ya fi dacewa da su, domin ɗanyen ma'adini ne daga rami guda, ba a gauraya shi da na kowa ba. Jijiyoyin kwarin Binuwai shekarunsu wajen miliyan 100 ne, duwatsun zinariyar Zamfara kuwa sun haura miliyan 500, ga kuma kwallin da alhazai ke kawowa tsaraba da wanda ke shigowa daga Pakistan da Indiya da Maroko. Lambar da aka samu a jini ba ta da amfani sai da abin kwatantawa, kuma tara abin kwatantawar ba ya bukatar na'ura ko ɗaya. Aiki ne da ɗaliban kimiyya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da likitocin yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za su iya farawa da ƙananan ledoji da alƙalami: gutsuren kowane irin kwalli, kankaren tukunya, ɓawon fenti, ƙurar tasha, kowanne a rubuta ranar da aka saya da inda aka ce ya fito. Wannan bayani na ƙarshe yana hannun ɗan koli, wanda ya san dillalin da ya kawo masa kaya daga Kurmi ta Kano, dillalin kuma ya san motar da ta ɗauko buhun da garin da aka yi mata lodi.